Sunan Ɗan Farin Cima

Cima ta haifi 'ya'ya shida, amma in ka tambaye ta sai ta ce biyar. Ba mantuwa ba ce. Na farkon ne ba ta ƙirgawa, domin a zangonsu, can kan tudun duwatsun da ke gabas da Ibohamane, mace mai mutunci ba ta ƙirga ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta kuma kama sunansa ko da wuta ce ta kama masa riga. Ranar suna malam ya raɗa wa yaron Mahamud, kowa ya ji, kowa ya maimaita, ban da wadda ta yi naƙudar. Da aka yaye shi aka miƙa shi ɗakin Inna, uwar mijinta Halidu. Tun daga nan ya zama "yaron Inna" a bakin Cima, in kuma ranta a ɓace yake, "wancan". Shi kuwa yana ce mata Yaya, kamar yadda ya ji ƙannenta suna faɗa.

Inna ta riƙe shi riƙon gaske. Tana ce masa maigidana, tana ɓoye masa ƙanzo da kindirmo, kuma wanda ya taɓa shi ya jawo wa kansa zagin yini guda. Yaron da ciwon fuka ya zo duniya. In sanyi ya sauko ko hayaƙi ya turnuƙe ɗaki, sai ka ji ƙirjinsa na fito tun daga bakin ƙofa. Saboda haka bai taɓa bin shanu ba. Ya dai iya tufkar igiya da haɗa dabaibayi, shi ke kula da maruƙa, shi ke kora jaki zuwa rijiya. A gidan da ake auna ɗa namiji da nisan tafiyar da ya yi a bayan garke, wannan duk ba a bakin komai yake ba. Bara waccan Inna ta rasu, tun daga nan kuma babu wanda ya sake tsaya wa Mahamud a gidan.

Habibu ne ya biyo shi, tsakaninsu bai cika shekara biyu ba. Fuska ɗaya, tsawo ɗaya, har baƙo kan gai da mutum guda sau biyu. Amma Habibu ƙarfe ne. Shanun Halidu sun fi sanin muryarsa a kan ta mai su, in ya yi kira daga gindin tudu sai ka ga bijimi ya ɗaga kai ya bar ciyawa. Sunansa kuma ba shi da shamaki, Cima na kiransa safe da yamma, ko da yake rabin kiran ba nasa ba ne. "Habibu, ce ma wancan shi sa riga, iska na tashi." "Habibu, kai ma yaron Inna hura." Haka ta yi shekara da shekaru tana aika ƙaunarta ta hannun ƙane, tana kuma ganin hakan ya wadatar.

Rigimar ta faru ne da kaka, kafin a saki gonaki. Shanun suka faɗa wa waken wani manomi mai suna Abdurrahman a fadama. Abdurrahman ya sari saniya da hauya a cinya, Habibu ya sauke masa sanda a hannu, ƙashi ya ce ƙas. Jandarmomi suka tafi da yaron birni. Da yake bai kai shekarun babba ba, gaban alƙalin yara aka kai shi, alƙalin kuma ya yi masa sauƙi: ya danƙa shi a hannun ubansa, da sharaɗin ya dawo da shi ranar shari'a. Halidu ya dangwala yatsa, ya rantse, har da cire hula. Aka sa rana can farkon damina.

Farkon damina kuwa, kowa ya sani, ba lokacin zaman benci ba ne ga mai dabba. Ruwa ya sauka da wuri, shuka ta fito, mai gari ya sa aka yi shela cewa kowace dabba ta bar bakin gonaki. Garkuna suka fara miƙawa arewa, zuwa Azawak. Halidu ga gona, ga ciwon baya, ga shi bai yarda da ɗan kowa a kan shanunsa ba. Ana saura 'yan kwanaki shari'a ya ɗaura wa Habibu salka da buhun gero a kan jaki, ya ba shi salula, ya raka shi har bayan tudu.

Da ya dawo Cima ta tare shi a bakin rumbu.

"Maigida, ranar alƙali hwa?"

"Alƙali na da shanu?" in ji Halidu. "In shina da su, ya san ba a tsai da su don magana. Shi jira kaka."

Alƙali bai jira kaka ba. Ranar ta zo ta wuce, Halidu na gona yana noman farko. Aka aiko da sammaci na biyu ta hannun mai gari, Halidu ya soke shi a jinkar ɗaki, inda yake soke lauje. Ita ma wannan ranar ta wuce. Sai ga mai gari da kansa a kan babur, bai ko yarda ya zauna ba. Ya ce na uku ba takarda za a aiko ba, mota ce. Ya ce yaron da aka bayar amana ya ƙi zuwa, alƙali janye sauƙinsa yake yi, a ɗauko shi duk inda yake. Ya ƙara da cewa mai yatsan da aka dangwala ma yana iya kwana a kaso in bai fito da yaro ba. A nan ne fa Halidu ya gane cewa alƙali mutum ne da ake jin tsoro.

Da la'asar ya kira wansa Liman. Sunan kakansu ne ya ci, bai taɓa jan ko sallar mutum biyu ba, amma carbi ba ya barin hannunsa, kuma a zangon maganarsa ce ta ƙarshe. Suka zauna a gindin aduwa, jikin zanar da Cima ke surfe a bayanta. Ba su ko rage murya ba. Me za a ɓoye wa mace mai surfe?

"In anka kamo Habibu, shanu su watse cikin Azawak," in ji Halidu. "In ba a same shi ba, ni aka kamawa. Ko'ina na duba wuta ta."

Liman ya ja carbi, ya ja, sannan ya ce, "Abdurrahman na ina?"

"Ya tahi Abijan tun da hannu nai yaw warke."

"Alƙalin da yag ga yaron hwa?"

"Mai gari ya ce an ɗauke shi, wani sabo anka kawo."

"Cikin ɗiyanka wa ad da takardar haihuwa?"

"Babu ko guda."

"To mi ad damuwa? Ɗan Halidu aka biɗa. Kai ko Allah ya ba ka biyu, huska guda. Guda na riƙe da arzikin gida, guda na tubkar igiya."

Taɓaryar Cima ta tsaya a sama. Sai ta ga in ta yi shiru za su san tana ji, ta sauke ta, ta ci gaba da surfenta.

Washegari Halidu ya kira Mahamud, da sunansa, da tattausar muryar nan da yake yi wa saniya mai shirin haihuwa. Yaron ya zo da igiya a hannu, ya durƙusa. Uban ya ce gida ya shiga wani hali, kuma babu mai fid da shi sai babban ɗa. Aikin ba wuya. In mota ta zo ya ce shi ne Habibu, ya bi su birni, alƙali ya yi masa faɗa, ya ce ya tuba, kwana biyu su dawo tare. Sannan ya ciro rigar sallar Habibu, shuɗiyar shadda, ya ɗora masa a kafaɗa.

Abin da ya fi ci wa Cima rai shi ne murnar yaron. Tun da aka haife shi ubansa bai taɓa ce masa babban ɗa ba. Ya sa rigar yana shafawa, yana tafiya yana buɗa kafaɗa irin ta ƙanensa. Ya sa 'yar autarsu Ummi ta riƙa kiransa Habibu daga bayan rumbu, yana amsawa da ƙarfi, suna ta dariya har tari ya sarƙe shi ya nemi wuri ya zauna.

Da rana Cima ta kai wa Halidu fura gona. Ta aje ƙwaryar, ta ƙi tafiya.

"Maigida, yaron Inna ba shi da ƙirji. In sunka ruhe shi…"

"Wa yac ce za su ruhe shi?"

"Mai gari ya hwaɗi, na ji da kunnena."

Halidu ya goge baki da bayan hannu, ya dube ta yana murmushi, murmushin da gara mari da shi.

"Ikon Allah. Yau Cima ta da ɗan hwari? Tun da anka haihe shi ban ji kin tambayi ko ya ci ba, yau kunya ta ƙare? To zaɓi da kanki. In kira Habibu shi baro shanu ga dawa, shi zo su ruhe shi, ko ni in tahi kaso ki noma gonag ga ke da ɗiya mata. Hwaɗi guda, in yi."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta koma gida, tana ce wa ranta ai kwana biyu ne, ai ya ce kwana biyu ne.

Motar ta zo da hantsi, ranar da aka wayi gari da ruwa. Ta kasa hawa tudun, jandarmomi biyu suka ƙaraso da ƙafa, takalmansu sun yi nauyi da laka. Babbansu dattijo ne mai furfura a gashin baki, ana ce masa shef, Hausarsa kuma ta mutanen gabas ce. Zango ya fito kaf, maza a gaba, mata a jikin zana. Halidu ya turo Mahamud cikin shuɗiyar shadda.

"Ga shi, shef. Jiya-jiya yad dawo daga dawa."

Shef ya dubi yaron daga sama har ƙasa. Danshin safiya ya riga ya taɓa ƙirjin, ana jin fitonsa. Ya kama hannunsa ya juya, ya dubi ƙafafun da ba su san ƙayar Azawak ba.

"Kai ne Habibu?"

"Ni na."

"Kai ka karya hannun ƙato da sanda?"

"Ni na, shef. Na tuba."

Ya yi saurin tuban, tun ba a zo wurinsa ba. Shef ya daɗe a wannan aiki, an yi masa ƙarya iri-iri, ya san ƙamshinta. Ya saki hannun yaron ya juya wajen zana.

"Ina uwar yaron nan?"

Mata suka dare, suka bar Cima a tsaye ita kaɗai da ludayi a hannu.

"Baiwar Allah, ke kika haife shi?"

Ta gyaɗa kai.

"To ni ba na so in ɗauki ɗan da ba shi ake nema ba. Maza sun faɗi nasu, na ji. Ke faɗa mini sunansa da bakinki. Abin da kika faɗa, da shi zan yi aiki."

Sunan na nan a kan harshenta. Ba wani dogon abu ake nema ba, ta buɗe baki kawai ta faɗa, yaro ya tuɓe rigar aro ya koma wurin maruƙansa. Amma ga Liman a tsaye, wan miji, mutumin da ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba. Ga A'i ƙanwar Halidu, ga matan zango duk sun zuba mata ido. Tun tana amarya ake yabonta da kunya, yau za ta tsaya a tsakar mutane ta kira ɗan fari gatsal? Sai dai a faɗi gaskiya, ba kunya kaɗai ba ce. A cikin ɗan lokacin nan ta hango Habibu da ankwa a hannu, ta hango shanu sun bazu a dawa, ta hango Halidu a kaso da kuma abin da zai yi mata ranar da ya fito. Tsoro ne ya kama ta, kunya kuma ta zo daidai lokacin da take neman wurin ɓuya, ta kuwa shige cikinta.

Mahamud ya juyo ya dube ta. Wasan ya bar fuskarsa. Bai yi mata alama ba, bai roƙe ta ba, kallonta kawai yake yi, bakinsa a ɗan buɗe, yana jira.

Cima ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sunkuyar da kai.

"Shef, ka yi haƙuri, kunya gare ta," in ji A'i da sauri. "Matanmu ba su magana gaban surukkai. Habibu na, mu dut mun shaida."

Shef ya ƙara jira, ya ma jira fiye da yadda aikinsa ya ce. Mayafin bai motsa ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To, ku kuka sani." Suka sa yaron a gaba, Halidu na biye. Da suka zo daidai zana Mahamud ya ɗan tsaya.

"Yaya, a ba maruƙa ruwa, ban samu na ba su ba."

Ƙarar motar ba ta gama ɓacewa ba mata suka yanyame Cima da yabo. A'i ta dafa ta tana cewa, "Wallai kin cika ɗiyar mutane. Wata da ta zubda mu gaban baƙi." Wata tsohuwa ta ce a kawo 'yan matan zamani su ga yadda ake kunya. Cima ta zame daga cikinsu, ta ɗauki bokiti ta nufi turken maruƙa. Igiyar da yake tufka tana nan ɗaure a jikin turke, rabi an gama, rabi kaba a warwatse.

Kwana biyun suka cika, Halidu ya dawo shi kaɗai, da ƙullin shayi da sukari da ya sayo a tasha. A gindin aduwar nan ya ba Liman labari, Cima na bayan zana. Ya ce sabon alƙalin yaro ne matashi, ba ya ɗaga murya. Ya ce laifin sandar, da an zo ranar da aka sa, da wuya ya wuce sursi, wato a rataye hukunci yaro ya koma gida. Amma wanda aka kira har sau biyu ya yi kunnen ƙashi ya nuna ba a barinsa a waje, don haka a ciki zai jira shari'a. Da tsakiyar damina aka yi shari'ar, aka yanke masa shekara guda a gidan kaso, ɓangaren yara.

"Ya yi ƙoƙari, wallai," in ji Halidu ranar da ya dawo daga yanke hukuncin. "Da sunka tambaye shi don mi yaƙ ƙi zuwa, cewa yay yi shanu yab bi, ban sani ba. Ni hwaɗa ɗai alƙali yay yi min."

"Alhamdu lillahi, abu ya zo da sauƙi," in ji Liman. Suka ɗora shayi.

Bayan an saki gonaki Habibu ya dawo. Shanu sun yi ɓul-ɓul, babu wadda ta ɓata, ga sababbin maruƙa suna tsalle. Halidu ya yanka bunsuru. Da aka gaya wa Habibu abin da ya faru ya ƙi cin abinci yini guda, washegari ya ci. Ba mugun yaro ba ne, amma ɗan shekara goma sha biyar da manya suka ce masa magana ta wuce, ba ya tono ta.

Liman ne ya hango sauran aiki. Ya ce a wurin hukuma Habibu na kaso, saboda haka wanda ke yawo a kasuwa da sanda a kafaɗa ba zai zama Habibu ba. Daga yau sunansa Mahamud. Da masu yin takardun haihuwa suka sauka a Ibohamane, Halidu ya kai shi aka yi masa da wannan suna. Shi ke nan sunan da Cima ta yi rayuwarta tana kauce wa ya cika gida. "Mahamud, kawo guga!" "Mahamud, bijimin nan ya tsinke!" Kowane kira sai ta ɗaga kai, sannan wata murya mai ƙarfi, wadda ba ta da fito a cikinta, ta amsa daga garke. A'i kuwa ta sami abin tsokana. "To Cima, yanzu wane kika kunya, wane kika kira?" An hana Cima tsohon sunan Habibu, sabon kuma ba ya fita a bakinta, sai ta koma ce masa "kai".

Sanyi ya sauko. Da asuba in ta hura wuta hayaƙi ya tashi, sai ta tsinci kanta tana kasa kunne wajen tsohon ɗakin Inna, ta ji tsit. Halidu bai sake taka birni ba tun ranar hukunci, ya ce yawan zuwa shi ke jawo tambaya. Wata rana wani direban motar kasuwa da ke kai wa ɗan'uwansa abinci a kason ya gaya wa mata a bakin rijiya cewa ya ga ɗan Halidu, ya rame, an ce a zaune yake kwana saboda ƙirji. Cima ta dawo gida da tulu rabi. Ta ce wa Halidu idonta na ciwo, tana so ta ga likita. Ta ƙulla cuku da dawon fura, ta ɗauko tsohon bargon Inna da garin maganin da take jiƙa masa, ta shiga motar kasuwa.

A hanya ta yanke shawara. Za ta kira shi da sunansa, za ta kuma faɗa wa duk wanda ke da iko a gidan cewa ba shi ba ne, abin da zai faru ya faru. Ta rufe baki da mayafi ta fara gwadawa. Da farko harshenta ya ƙi, leɓɓanta kawai ke motsi. Mota na tsalle a kan duwatsu, ita tana maimaitawa a hankali, har matar da ke kusa da ita ta ɗauka tasbihi take yi. Kafin su shiga birni sunan ya fara fita da sauti, ta ji daɗinsa a bakinta, ta kuma ji haushin kanta ƙwarai da ta bar shi ya kai yau.

A ƙofar gidan kaso akwai layin masu kawo abinci. Wani gardi, mai gadin gidan, na zaune a kan kujera yana buɗe kwanuka yana dubawa. Da layi ya zo kanta ya ce, "Wurin wa kika zo?"

"Mahamud," in ji ta. Ta ƙara ɗaga murya. "Mahamud Halidu."

Ta faɗa a gaban namiji, a gaban baƙi, kuma babu abin da ya faɗo daga sama.

"Babu mai wannan suna. Yaran ba su da yawa, duk na san su."

"Shina nan. Ɗana na, ɗan hwarina."

"Na ce miki babu. Matsa, akwai mutane a bayanki."

Ta matsa gefe. Ta tsaya a rana da ƙullinta a ka, tana kallon mutane suna faɗin sunayen nasu ana shigar da su. Da layin ya ƙare ta dawo, ta durƙusa a gaban kujerar.

"Habibu Halidu."

"Au, mai fuka? To da ba sai ki faɗa ba tun ɗazu? Ku ji mini uwa, ba ta san sunan ɗanta ba."

Gardawan da ke zaune suka yi dariya. Aka shigar da ita wata rumfar kwano, aka ce ta jira.

Ta ji shi kafin ta gan shi, fiton nan ne ya riga shi isowa. Shuɗiyar shaddar ta koɗe, tana reto a jikinsa. An aske masa kai, hannuwansa duk ƙuraje. Ya durƙusa nesa da ita kaɗan, kamar yadda ya saba.

"Yaya, kun zo lahiya? Ina su Ummi? Ina maruƙa?"

Ta yaye mayafi, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mahamud."

Ya saci kallon gardin da ke tsaye a bakin rumfa, ya dawo da idonsa ƙasa.

"Mahamud, ɗana. Na zo in hwaɗa musu. Yanzu-yanzu za ni wurin babbansu in ce ba kai na ba."

"Kar ki hwaɗi."

"Ƙirjinka…"

"Na ci rabi, Yaya. Nan ciki mun san doka ta hi ku. In kinka hwaɗi, su kamo Habibu shi hwara tun daga hwari, su kama Baba, ni ko ban san abin da za su yi min ba, tunda ni na tsaya gaban alƙali na yi mai ƙarya. Sanyin da na sha shi tashi banza." Tari ya kama shi, ya dafa ƙasa har ya lafa. Ta miƙa hannu za ta shafa masa baya, ya goce.

Ta fashe da kuka, tana kiran sunan, tana sake kira, kamar yawan faɗar zai cike na shekarun da suka wuce. Ya bar ta ta yi mai isarta. Fuskarsa ba fushi, ba tausayi, kuma wannan ya fi fushin ciwo.

"Ranar da shef yat tambaye ki," in ji shi a hankali, "ran nan nika jiran sunan. Ko da sun tahi da ni bayan haka, da ban damu ba." Ya jawo ƙullin, ya ciro bargon Inna ya kai hanci, ya rungume shi. "An ce min an ba Habibu sunan, har da takarda. Ki koma da shi gida, can akwai mai amsawa."

"Habibu!" in ji gardin. "Lokaci ya yi."

"Na'am!" Ya miƙe da sauri, ya kwashi cukun da maganin, ya bi bayan gardin, bai waiwayo ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da motar kasuwa ta sauke ta a gindin tudu. Ta hau a hankali, babu kaya a kanta. A'i ta hango ta daga bakin zana ta ɗaga murya tana tambayar ya ido, ta ce da sauƙi. Shanu sun dawo, ana ta ɗaure maruƙa da igiyoyin da ya tufka. Halidu na tsaye a tsakar gida da buta a hannu, ya juya wajen garke.

"Mahamud!"

"Na'am, Baba!"

Cima ta shiga madafa ta hura wuta.